Jiƙon ganye ko ƙwayar asibiti?

Ganyen da Sinawa ke kira qinghao dangin tazargade ne. Tun ƙarni na 4, Ge Hong, masanin magani mai bin tafarkin Dao (wani addinin Sinawa), ya rubuta cewa a jiƙa danƙinsa cikin ruwa, a matse, a sha saboda zazzaɓi mai zuwa yana dawowa, irin na cizon sauro. Magungunan Sin na dauri sun ginu ne kan daidaita zafi da sanyin jiki da ƙarfin rai da suke kira qi, kuma har yau masu shan jiƙon suna samun natsuwa da wannan fahimta. Ban raina ta ba.

Sai dai jiƙo ba shi da awo. Ganyen wata gona ya fi na wata ƙarfi, tafasawa kuma tana lalata sinadarin da ke maganin zazzaɓin. Wannan "jiƙawa" ta Ge Hong ce ta ankarar da Tu Youyou, wata masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Sin, ta tace ganyen ba tare da zafi sosai ba, aka fitar da sinadarin, wato atemisinin, a 1972, ta samu kyautar Nobel a 2015.

Ƙwayar asibiti, wadda daga wannan sinadari ta samo asali, a aune take, haɗe da wani magani, ana sha kwana 3. Jiƙo mai rauni kan bar ragowar ƙwayoyin cutar su saba da maganin, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shi ba. Yaron da jikinsa ke rawa da daddare, ƙwayar zan ba shi.