Jirgin ruwan alfarma da keken guragu: yadda tafiyarmu da Baba ta kasance

Tallar jiragen ruwan shaƙatawa duk kusan iri ɗaya ce: fitilu na reto, tafkin wanka a saman bene, kuku da doguwar farar hula. Da wuya ka ga wadda ta gaya maka faɗin ƙofar banɗaki, alhali ga mai keken guragu wannan faɗin shi ne zai sa tafiya ta yi daɗi ko ta zama azaba. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, ƙafa ba ta ɗaukarsa, amma kansa garau yake, kuma tun yana aikin koyarwa yake da burin ganin Bahar Rum. Mu 'ya'yansa muka haɗa kuɗi, aka ɗora mini neman jirgi da rakiya daga nan Tudun Wadan Zariya.

Yayarmu ita ta fi matsawa a kan a ɗauki ƙananan jiragen nan masu tsadar gaske, irin na Silversea ko Seabourn, waɗanda fasinjojinsu 'yan ɗaruruwa ne kuma komai yana cikin kuɗin tikiti. Hujjarta ita ce Baba ba ya son hayaniya. Gaskiyarta ne a wannan, amma da na bi taswirar hanyoyinsu sai na ga matsalar tana wani waje. Abin alfaharin ƙaramin jirgi shi ne yana shiga ƙananan garuruwan da babba ba zai iya ba, kuma da yawa daga cikinsu ba su da wurin da jirgi zai jingina da gaɓa. Sai ya saki anga a tsakiyar ruwa, a riƙa kwashe mutane da ƙananan kwale-kwale masu inji. Shiga wannan kwale-kwalen ta matakala ne, yana rawa a kan ruwa, kuma idan iska ta taso kyaftin na da ikon hana mai keke sauka. Santorini ta ƙasar Girka, wadda kowa ke mutuwar son hotonta, haka take: bayan kwale-kwalen ma garin yana can saman dutse. Portofino ta Italiya ma haka. Na ce mata, "Yaya, in muka biya wannan kuɗin, Baba daga baranda zai riƙa kallon garuruwan." Daga nan ta sakar mini.

Muka zaɓi babban jirgi sabon ƙira mai ɗaukar dubban mutane, amma a ɓangarensa na alfarma, wanda yake da nasa ɗakin cin abinci, nasa falo da hadimi mai kula da ɗaki. Hanyar ta yammacin Bahar Rum ce, tashi daga Basalona, a bi ta Faransa da Italiya da Malta a dawo. A ganina wannan haɗin shi ya fi dacewa da mai keke: ka samu natsuwar da masu kuɗi ke nema, ka kuma samu faffaɗan baranda da liftoci masu yawa na babban jirgi.

Kafin in biya ko sisi, na ari tef ɗin awo wajen telanmu na auna keken Baba daga taya zuwa taya, sannan na rubuta wa sashen kamfanin mai kula da masu buƙata ta musamman, na ce su ba ni faɗin ƙofofi da sentimita, a rubuce. Ejan ɗin da ya yi mana tikiti cewa kawai yake yi "ai duk ɗakunan suna da girma, Alhaji." Girman ɗaki daban, ƙofa daban. Ƙofar ɗakin jirgi na gama-gari siririya ce, keke ba ya shiga sai an naɗe shi, kuma banɗakinsa yana da tudu a dokin ƙofa. Ɗakin da aka gina don mai keke ƙofarsa takan kai sentimita 80 ko fiye. Irin waɗannan ɗakunan kaɗan ne a kowane jirgi, a ɓangaren alfarma kuwa sun fi ƙaranci, don haka su ake fara kamawa watanni kafin tafiya.

Ɗakin da muka samu ya biya kuɗinsa. Daɓen banɗakin shafe yake da na ɗaki, babu tudu ko kaɗan, keke yana shiga har ƙarƙashin shawa. Akwai kujerar da ake saukewa daga bango, ƙarafunan kamawa a gefen masai da cikin shawa, da igiyar kiran agaji wadda ta sauko har kusa da ƙasa, yadda ko mutum ya faɗi hannunsa zai kai. Wurin wanke hannun babu kabad a ƙarƙashinsa, gwiwoyin Baba suna shigewa, ya yi alwalarsa da hannunsa mai lafiya ba tare da na tallafe shi ba. A gida ba ya samun wannan. Ranar farko ya daɗe a ciki har na ƙwanƙwasa na ce, "Baba, lafiya kuke?" Ya ce, "Ƙyale ni, yaro, yau ni da kaina nake yi." Tiyon tsarki dai babu, butarmu da muka tafi da ita ita ta fisshe mu. Alƙibla kuwa sai mun duba waya kowace salla, domin jirgi yana juyawa, inda ka fuskanta da azahar ba nan ba ne da la'asar.

Abinci ba ni da ƙorafi. Mun cike musu takarda tun kafin tafiya cewa ba ma cin alade ba ma shan giya, muka fi karkata ga kifi da kayan lambu, kuma mai kawo mana abinci ya riƙa yanka wa Baba nasa ƙanana tun daga kicin ba tare da an roƙe shi ba.

Inda jirgin ya ba ni haushi shi ne lif. Ranar sauka gari, masu ƙafa biyu lafiyayyu su cika shi maƙil, mu tsaya yana buɗewa yana rufewa a gabanmu, babu ma'aikacin da zai ce a ba mai keke wuri. Kafet ɗin barandar ɗakuna kuma mai laushi ne, kyau a ido, amma tura keke a kansa sai ka ji a kafaɗa, ga kekunan masu shara da suke tare hanya da safe. Tafkin wankan yana da kujerar saukar da mutum cikin ruwa, amma sai ka nemi wanda ya san yadda ake kunna ta, kuma ranar da muka nema an ce mu dawo gobe. A jirgin da ake biyan irin wannan kuɗin, wannan sakaci ne.

Abu ɗaya da ya kwantar mini da hankali shi ne atisayen ceto. Tun bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a watan Janairun 2012 aka tsaurara doka, ana nuna wa fasinja wurin taruwarsa a farkon tafiya. Na tambayi ma'aikaci kai tsaye: in gobara ta tashi aka kashe lif, wa zai sauko da Baba? Ya nuna mini lambar ɗakinmu a jerin waɗanda aka ware wa ma'aikatan ɗauka. Duk wanda zai tafi da mai keke ya yi wannan tambayar, ya kuma ga sunansa da idonsa.

Garuruwan kuwa kowanne da halinsa. Basalona, wadda ta karɓi gasar Olamfik da ta nakasassu a 1992, ita ce ta fi sauƙi: motocin bas ɗinta suna da gangarar hawa, bakin titi a sassauce, muka yini muna yawo. Valletta ta Malta a kan tudu take, amma akwai lif na Barrakka mai tsayin mita 58 da aka buɗe a 2012, yana ɗauko ka daga kusa da tasha zuwa lambun da ke saman gari. Can Baba ya zauna yana kallon tashar yana ba ni tarihin yaƙin da Turkawan Usmaniyya suka yi a tsibirin a 1565, kamar yana gaban allo. Roma ta wahalar da mu. Jirgi a Civitavecchia yake tsayawa, nisan ya kai kamar Zariya zuwa Kaduna, motar da ke da na'urar ɗaga keke tana da tsada kuma sai an kama ta tun da wuri, sannan titunan tsohon garin na ƙananan duwatsu ne da ke girgiza mai keke har haƙori. A Cannes ta Faransa, tasha ɗaya tilo mai kwale-kwale a hanyarmu, ba mu sauka ba. Mun san da haka tun a gida, don haka babu wanda ransa ya ɓaci.

Doka ma tana da tasiri wajen zaɓen hanya. Tarayyar Turai tana da dokar 2010 kan haƙƙin fasinjan ruwa, wadda ta wajabta taimaka wa mai nakasa kyauta a tasha da cikin jirgi idan ya sanar aƙalla awa 48 kafin lokaci. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2005 cewa dokar nakasassu ta 1990 ta shafi jiragen shaƙatawa masu tutar wata ƙasa idan suna ruwan Amurka. Mu ma muna da tamu, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, sai dai wanda ya taɓa tura keke a kan titin Sabon Gari ya san inda aka kwana.

Kuɗin tafiyar ya wuce na tikiti. Akwai bizar Schengen, wato ta shiga ƙasashen Turai, ta mutum biyu, katin rigakafin shawara, jirgin sama daga Kano, da inshorar lafiya, wadda dole ka bayyana mata ciwon da mutum yake da shi, in ba haka ba ba za ta biya ba. Asibitin cikin jirgi ma da kuɗi yake. Mun isa Basalona kwana ɗaya kafin tashi, domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin sama ya makarar, kuma keken Baba ya fito daga ɗakin kaya da birki ɗaya a lanƙwashe, sai da muka nemi mai gyara a gari kafin mu nufi tasha.