QuTiP da sarƙar sifin: sharhi ga ɗaliban fiziks na Kaduna

Mun gwada QuTiP 5, manhajar Python ta kyauta ta kwaikwayon tsarin kwantam, a kan sarƙar XXZ (jerin sifin, wato ƙananan maganaɗisu na kwantam, kowanne na hulɗa da maƙwabcinsa) da laftof mai RAM giga 8, irin wadda galibin ɗalibanmu a Kaduna ke riƙe da ita. Wajen koyo ta cancanci yabo. Wajen yanke hukunci kan yadda sifin ke kwarara a doguwar sarƙa kuwa, ba ta isa ba, kuma lissafin ne ya jawo haka.

Rufaffen tsari, wanda ba ya hulɗa da waje, ya fi sauƙi. A jera rabin sifin sama, rabi ƙasa, a miƙa wa sesolve, umarnin QuTiP mai bin sauyin tsarin cikin lokaci, a riƙa auna abin da ya tsallaka tsakiya. Sifin 20 na buƙatar lambobi 2^20, wajen megabait 16 kacal. Matsalar lokaci ce: da zarar motsin ya bugi ƙarshen sarƙa ya dawo, duk abin da aka auna bayan nan gurɓatacce ne.

Buɗaɗɗen tsari shi ya fi burge mu. Ana liƙa masu aikin Lindblad, wato sassan lissafi masu wakiltar hulɗa da waje, a sifin farko da na ƙarshe, ɗaya na tura sifin ciki, ɗaya na zuƙewa, sai umarnin steadystate ya ba da tsayayyen yanayi, wanda daga gare shi ake fitar da kwarara tsayayya, lamba ɗaya tak. Sai dai nan girman ya koma 4^N, inda N ke nufin yawan sifin. Sifin 10 ya riga ya kai nauyin 20 na rufaffen tsari, sifin 14 kuwa ya haura giga 4 tun ba a fara warwarewa ba. In RAM ya cika a koma mcsolve, umarnin da ke maimaita gwaji da yawa ya ɗauki matsakaici, a riƙa adana sakamako kashi-kashi saboda ɗaukewar wuta.

A kula da abu biyu. A QuTiP, destroy(2) daidai take da sigmap() mai ɗaga sifin sama, ba sigmam() mai saukar da shi ba. Wanda ya musanya su kwararsa za ta juya baya. Sannan sigmaz() na ba da ±1, ba ±1/2 ba, don haka J, ƙarfin hulɗar maƙwabtan sifin, kan ninka sau 4.

An san cewa, muddin bambancin turawa tsakanin gefuna biyu ƙarami ne, in Δ (ƙarfin hulɗa ta fuskar z idan aka kwatanta da ta x da y) bai kai 1 ba kwarara ba ta raguwa da tsawon sarƙa, in ya haura 1 takan ragu kamar 1/N, a daidai 1 kuma kamar 1/√N, yadda Žnidarič ya nuna a 2011. Da gajeruwar sarƙa ba a iya rabe na biyu da na uku da tabbaci. Mai rubuta kundin digiri a kan wannan ya tabbatar da lissafinsa a QuTiP tukuna, sannan ya koma TeNPy ko ITensor, manhajojin da ke iya ɗaukar doguwar sarƙa.