Madubin hangen nesa ko hotunan intanet: wanne zai nuna kwarurukan duniyar Mas?

Tun da na yi wa ɗalibaina a Agege bayanin kwarurukan da ruwa ya zaizaye a duniyar Mas, iyaye ke tare ni: "Malam, mu sayi madubin hangen nesa ne, ko hotunan intanet sun wadatar?"

Madubi na cin kuɗi, ga gajimaren daminar Legas da hazon hunturu. Mas kuma sai kusan bayan wata 26 take matsowa kusa da mu. Ko a lokacin, ɗan jan ƙwallo za ka gani, wataƙila da farar ƙanƙara a kansa, amma ban da kwarurukan. A 1877 masanin taurari ɗan Italiya Schiaparelli ya hango wasu layuka a kan Mas ta madubi, daga baya aka gane ruɗin ido ne. Kwarurukan gaskiya sai da kumbon Mariner 9 ya ɗauko su a 1972.

Hotunan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kuwa kyauta ne, data kawai. Nan yaro zai ga lakar da wani tsohon kogi ya jibge a ramin Jezero na Mas, inda motar binciken Perseverance ta sauka a 2021. Wallahi abin na taɓa zuciyata.

Mai neman sanin asalin kwarurukan, intanet ta ishe shi. Wanda yaronsa ke son kallon wata da zoben duniyar Satan (Zuhal) da idonsa, kuma da hali, ya sayi madubi.