Waya ko shagon littattafai, wanne yafi ga mai karanta komai da komai?

'Yar uwa naga tambayarki, kince ke bakya tsayawa kan abu ɗaya, yau soyayya gobe tarihi jibi na yaƙi, kuma kin rasa inda zaki dinga samo sababbi, ki dogara da waya ne ko ki koma kasuwa. Toh ni duka biyun na bi shekara da shekaru, bari in jera miki su.

Waya dai ba'a magana wajen sauƙi. Wattpad, gurup gurup na WhatsApp da Telegram, ga masu karantawa a YouTube kina wanke wanke kina saurare, kuma gaskiya yawancin sababbin marubutanmu can suke yanzu, da yawa basu taɓa buga ko littafi ɗaya a takarda ba. In sabon alƙalami kike nema nan ne gidansa, ko sunayen waɗanda suka yi fice a gasar Hikayata ta BBC Hausa kika bi, wadda aka fara a 2016, zaki samu na karantawa. Amma matsalar waya ga irinmu itace abinda kika ci jiya shi zata sake zubo miki yau. Na taɓa karanta labarin auren dole guda biyu a jere a wata manhaja, wallahi kusan wata guda ba abinda take nuna min sai auren dole da kishiya, kamar ban san wani abu ba a duniya. Gurup ma haka, mutane ɗari biyu amma ɗanɗanonsu ɗaya, kina tambayar littafin tarihi sai kiji tsit. Ga ciwon ki biya kuɗi ki bi labari har feji na arba'in sai marubuciya tayi shiru. Sannan abinda ke manhaja ba'a hannunki yake ba, OkadaBooks da mutane suka saba sayen littafi a ciki ai ya rufe a 2023.

Shago kuwa idonki ne yake yawo da kansa. Ki shiga wajen masu littattafai a Kurmi ko Sabon Gari a Kano, na soyayya na jingine da na yaƙi, gefe ga na addini, ƙasa ga tsofaffin bugun kamfanin buga littattafai na NNPC Zariya sunyi ƙura, kin zo neman ɗaya sai hannunki ya faɗa kan wanda baki taɓa jin sunansa ba. Kuma dama rubutunmu tun farko ba kala ɗaya bane, gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 kaɗai ta fitar da Ruwan Bagaja mai yawon duniya da ban dariya, da Ganɗoki na yaƙi, da Shaihu Umar kan bauta, da Jiki Magayi na so da ramuwa, kinga mai son kala kala ba baƙuwa bace a nan.

Amma abinda yafi kantar ma shine mai shagon. Akwai wani dattijo mai bada hayar littafi a unguwarmu, yana da wani tsohon littafin rubutu da yake sa sunan kowa da abinda ya ɗauka, littattafan duk an ɗaure bayansu da salatif. In na mayar sai ya duba layina yace “'yata, uku kenan a jere na soyayya, karɓi wannan ki wanke baki”, ya miƙo min na yaƙi ko na tarihin sarakuna. Shi ya san na ƙoshi tun kafin ni in sani, kuma har yau ban ga wayar da ta iya wannan ba. Illar shago a fili take, sun ragu sosai, takarda tayi tsada, kuma sau nawa zaki samu na ɗaya da na biyu na ukun ya ɓata.

Tarihi mai zurfi kam duka biyun basa ƙosarwa, sai laburare, na Murtala Muhammad in kina Kano, ko Arewa House in kina Kaduna.

Ni a ganina tunda ke mai tsalle tsalle ce, shago zaki riƙe wajen gano sabon abu, in wani marubuci ya kama ki sai ki koma waya ki bi sauran rubutunsa. In kin je kar kice “bani mai daɗi”, ki faɗa masa ukun ƙarshe da kika gama kice wanda bai yi kama dasu ba kike so. Ki rubuto min ukun nan ma anan, da garin da kike, in ga ko akwai wanda zan iya ara miki cikin nawa.