Gyaran kuskure ko rubuta gwaji: ta ina sabon shiga zai fara a buɗaɗɗiyar manhaja?

Ɗan'uwa, ka ce ka iya Python daidai gwargwado, kana son fara ba da gudummawa ga manhajojin da kod ɗinsu yake a buɗe ga kowa, amma an raba maka hankali gida biyu: wasu sun ce ka nemi ƙaramin kuskure ka gyara, wasu kuma sun ce ka rubuta gwaji, wato ɗan kod da yake duba ko manhajar tana aiki daidai, ga sassan da gwajin da ake da shi bai taɓa ba. Ra'ayina shi ne ka fara da gwaji, bisa sharaɗin kada kason da na'ura take nunawa na layukan kod da gwaji ya bi ta kansu ya zama abin da kake nema, domin wanda ya shiga wannan hanya yana farautar kaso cikin ɗari, gara ma ya tsaya kan gyaran kuskure.

Bambanci na farko yana wajen samun aikin kansa. Mai neman kuskure yakan bi rahotannin matsaloli da ke GitHub, dandalin da ake ajiye kod ɗin manhajoji, musamman waɗanda aka liƙa wa alamar "good first issue", wato waɗanda masu kula da manhajar suke ganin sun dace da sabon shiga. A manyan manhajoji, irin waɗannan ba sa daɗewa kafin wani ya riga ka, waɗanda kuma ka ga sun shekara ba a taɓa ba, sau da yawa sauƙinsu a baki ne kawai, sai ka shiga ciki za ka tarar masu kula da manhajar ma ba su daidaita kan yadda za a warware su ba. Mai rubuta gwaji kuwa ba ya jiran kowa ya ware masa aiki. Idan ka sauke manhajar a kwamfutarka ka kunna `coverage run -m pytest`, sannan `coverage report -m`, za a jero maka kowane fayil da lambobin layukan da babu gwajin da ya bi ta kansu, idan kuma ka kunna `coverage html` za ka gan su da ja a burawuza. Sauran harsunan ma suna da nasu ma'aunin: gcov ga C, JaCoCo ga Java, Istanbul ga JavaScript, shi kuwa Go tun fitowar 1.2 a 2013 yake da `go test -cover` a jikinsa. Jagorar masu haɓaka Python ita kanta ta ware shafi guda kan faɗaɗa gwaji, kuma ta ambace shi a matsayin hanya mai kyau ta sanin kod ɗin harshen.

Na biyu shi ne yawan abin da sai ka sani kafin ka taɓa komai. Gyaran kuskure yana canza halin manhajar, don haka dole ka san dalilin da ya sa aka rubuta wurin a yadda yake, da sauran sassan da suka dogara da shi, da mutanen waje da suka gina nasu aikin a kan wannan hali ko da kuskure ne. Layi uku da ka gyara suna iya karya abin da ba ka ma san da shi ba. Gwaji ba ya canza abin da ake tura wa masu amfani da manhajar, kuma abin da yake bukata daga gare ka kaɗan ne: ka fahimci alkawarin da fankishin guda, wato guntun kod mai yin aiki ɗaya, ya ɗauka, abin da yake karɓa da abin da yake mayarwa, ka tabbatar yana cika shi. Wannan bai sa gwaji ya kuɓuta daga illa ba. Gwajin da ya dogara da agogon kwamfuta, ko intanet, ko jerin yadda gwaje-gwaje suke bin juna, yau ya wuce gobe ya faɗi ba tare da an canza komai ba, kuma babu abin da masu kula da manhaja suka ƙi jini kamarsa, tunda yana koya wa mutane su daina damuwa idan sun ga gwaji ya faɗi.

Akwai kuma abin da masu ba da shawarar gyaran kuskure sukan manta su faɗa. A manhajoji da dama ba a karɓar gyara sai da gwajinsa, kuma Django, manhajar gina shafukan intanet da Python, na daga cikin waɗanda suka rubuta hakan ƙarara a ƙa'idojinsu: gyaran kuskure yana tafe da gwajin da yake faɗuwa kafin gyaran, ya wuce bayansa. Ke nan ko ta wace ƙofa ka shiga, sai ka koyi yadda manhajar take tsara gwaje-gwajenta, bambancin kawai shi ne mai gyaran kuskure yana koyon abu biyu a lokaci guda.

Ta wani ɓangaren gyaran kuskure ya fi, kuma ba zan ɓoye maka ba. Amfaninsa a fili yake, domin akwai wanda ya kai rahoto yana jira, kuma ran da aka haɗa gyaranka za a rufe rahoton. Buƙatar haɗa gwaji zalla ba ta da mai jiranta, shi ya sa tana iya yin makonni ba a duba ba. Haka kuma ba kowane jan layi ne yake neman gwaji ba: wani na Windows ne kawai kai kuma kana kan Linux, wani an bar shi da gangan, wani kuwa mataccen kod ne da ya cancanci sharewa. Masu kula da manhajoji ma sun koyi yin ɗari-ɗari da gudummawar da aka yi don a ƙirga ta, musamman bayan watan Oktoba na 2020, lokacin da shirin Hacktoberfest, wanda a lokacin yake ba da kyautar riga ga masu tura gudummawa, ya jawo ambaliyar gyare-gyare marasa amfani har masu shirya shi suka canza doka, aka koma sai manhajar da ta amince za ta shiga.

Inda gizo yake saƙa shi ne ma'anar kason nan. Ma'aunin yana gaya maka cewa an bi ta kan layi, ba ya gaya maka cewa an duba ko layin ya yi daidai. Ɗauki wannan fankishin da yake tantance shekara mai kwana 366:

```
def mai_kari(s):
    return s % 4 == 0 and (s % 100 != 0 or s % 400 == 0)
```

Idan ka rubuta gwaji guda, `assert mai_kari(2024)`, rahoto zai nuna maka 100 cikin 100, tunda layin ɗaya ne kuma an bi ta kansa. Yanzu je ka mai da 400 ta koma 401, ka sake kunna gwajin, za ka ga ya wuce lafiya lau. Share `and` da duk abin da ke bayansa, zai sake wucewa. Har ma ka maye gurbin layin da `return True`, ba zai ce uffan ba. Gwajin da ya san aikinsa yana bukatar 2023 da ba ta rabuwa da huɗu, da 2024, da 1900 wadda take rabuwa da huɗu amma Fabrairunta kwana 28 ne, da kuma 2000 wadda take rabuwa da ɗari amma ta samu ƙarin kwanan saboda tana rabuwa da 400. Ƙarin gwaje-gwajen nan uku ba za su ɗaga kason ko kaɗan ba, alhali su ne ainihin aikin.

Wannan dabara ta lalata kod da gangan don a ga ko gwaji zai kama tana da tarihi tun shekarun 1970, kuma akwai kayan aikin da suke yin ta da kansu, irin su mutmut ga Python, PIT ga Java da Stryker ga JavaScript. A matakinka ba ka bukatarsu tukuna, hannunka ya isa: duk gwajin da ka rubuta, juya `>` ta koma `>=`, ko ka cire layi guda, ka tabbatar gwajin ya faɗi, sannan ka mayar da kod ɗin yadda yake. Ka kuma saba da ƙara `--branch` wajen aunawa, don a duba ko an bi kowane reshe na sharaɗi, domin `if` da ba shi da `else` yana iya nuna cikakken kaso na layuka alhali ba a taɓa gwada halin da sharaɗin bai cika ba.

Kurakurai biyu da suka girgiza duniyar tsaron intanet a 2014 suna nuna iyakar ma'aunin daga gefe biyu. A watan Fabrairu aka gano cewa a kod ɗin Apple mai tantance haɗin sirri an maimaita layin `goto fail;` sau biyu a jere, abin da ya sa ake tsallake matakin ƙarshe na tantance sa hannu a kowane lokaci. Irin wannan ma'aunin layuka yana iya tona shi, domin zai nuna layukan da ba a taɓa isa gare su ba. A watan Afrilu kuma aka bayyana kuskuren da aka sa wa suna Heartbleed a OpenSSL, manhajar sirrinta haɗin intanet, inda manhajar take yarda da tsawon saƙon da mai aikowa ya faɗa ba tare da ta gwada shi da ainihin abin da ya aiko ba, har tana iya fitar da kusan kilobait 64 na ƙwaƙwalwarta a kowace tambaya. A nan matsalar ita ce layin da ba a rubuta ba, kuma babu rahoton da zai iya shafa wa layin da babu shi ja. Sai mutumin da ya zauna ya tambayi kansa me zai faru idan an aiko da tsawon ƙarya, kuma yin irin wannan tambaya shi ne abin da rubuta gwaji yake koya wa mutum fiye da gyaran kuskure, inda wani ne ya riga ya yi tambayar ya kawo maka ita a rahoto.

Game da adadin da ya isa, injiniyoyin Google sun taɓa ba da ma'auni a 2020 cewa kashi 60 karɓaɓɓe ne, 75 abin yabo, 90 kuma abin koyi, tare da gargaɗin kada a mai da shi doka daga sama. SQLite, manhajar ajiye bayanai, ta kai ga gwada kowane reshe na ainihin kod ɗinta, kuma kod ɗin gwajinta ya ninka na manhajar sau ɗaruruwa, sai dai aikin ƙwararru ne na shekaru, kuma ita ba ta ma karɓar gyara daga duk wanda ya ga dama. Abin da ya shafe ka a nan shi ne zaɓen fayil: wanda yake kashi 40 kuma yana sarrafa bayanan da ke shigowa daga waje ya fi bukatarka fiye da wanda yake kashi 97.

Akwai wurin da hanyoyin biyu suke haɗuwa, kuma nan nake ganin ya fi dacewa ka sa ƙafarka ta farko. Kowace manhaja mai jama'a tana da tarin rahotannin da wani ya rubuta cewa abu kaza ba ya aiki, amma babu wanda ya tabbatar. Ka ɗauki guda, ka mai da bayaninsa gwaji na layuka kaɗan da yake faɗuwa, ka saka shi a ƙarƙashin rahoton tare da fitowar manhajar da ka gwada. Da haka ka rage wa mai gyara rabin wahala ba tare da ka taɓa kod ɗin ba, kuma idan manhajar tana amfani da pytest wajen kunna gwaje-gwajenta, ana iya haɗa gwajin da alamar `xfail`, wadda take nuna an san zai faɗi, har zuwa ranar da za a gyara. Idan kuma a tsakiyar rufe jajayen layuka ka ga fankishin yana mayar da abin da ya saɓa wa takardun bayaninsa, kada ka rubuta gwajin da zai tabbatar da wannan hali don kawai ya wuce, ka buɗe rahoto ka tambaya wanne ne daidai, kod ɗin ko bayanin.

Kafin ka tura komai, karanta fayil ɗin CONTRIBUTING, ka duba ko suna bukatar sa hannu kan yarjejeniyar masu gudummawa kamar yadda CPython, ainihin manhajar Python, take yi, sannan ka yi tambaya a taƙaice ko suna maraba da gwaji ga sashen da ka zaɓa. Ka tsaya kan sashe guda, ka kwaikwayi salon gwaje-gwajen da ka tarar, kada ka haɗa da gyaran tsarin rubutu a fayilolin da ba su shafe ka ba. Ka guji saka fayilolin gwaji da ido ba ya iya karantawa, domin a watan Maris na 2024 injiniya Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofar kutse a manhajar matse fayiloli ta xz, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, kuma a cikin irin waɗannan fayilolin gwaji aka ɓoye muguntar, don haka mai dubawa yana da hujjar tambayar asalin kowannensu. Idan kana bukatar bayanan gwaji, ka ƙirƙire su da kod a cikin gwajin kansa. A bayanin buƙatarka ka rubuta layukan da ka rufe, da halayen da ka gwada, da yadda ka lalata kod ɗin ka ga gwajin ya kama. Bayan an haɗa maka biyu ko uku a sashe ɗaya, koma kan rahotannin kurakuran wannan sashen ka zaɓi guda ka gyara da kanka, tare da gwajinsa.