Anki a hannun mai harshen Fotugal da ke koyon Turanci a Abuja

Malaman da ke bin gidaje suna koyar da Turanci a Asokoro da Maitama sun san irin wannan ɗalibi: ma'aikacin ECOWAS daga Gini Bisau, ko iyalin wani jami'in ofishin jakadancin Angola ko Burazil. Harshen Fotugal na cikin harsuna uku na aikin ECOWAS, amma a kasuwar Wuse ba ya sayen ko tumatir. Manhajar da ta fi dacewa a ɗora wa irin wannan ɗalibi ita ce Anki, muddin malam zai zauna ya haɗa katunan da kansa.

Damien Elmes ne ya fitar da ita a 2006. Aikinta da kati ne mai fuska biyu, tambaya a gaba, amsa a baya, sai manhajar ta riƙa dawo da kowane kati dab da lokacin da za a manta shi. Kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, inda sunanta AnkiDroid. Ta iPhone kuwa, AnkiMobile, sayenta ake yi kusan dala 25, sau ɗaya. Tana aiki ba tare da data ba, kuma ana iya juya rubutunta zuwa harshen Fotugal. A kula wajen saukewa, akwai wasu masu suna kusan iri ɗaya da ba su da alaƙa da ita.

Inda ta fi amfani shi ne kalmomin da suka yi kama a harsunan biyu alhali ma'anarsu ta sha bamban. Mai harshen Fotugal ya ga "push" a ƙofar banki sai ya jawo, domin "puxar" a wurinsa jawowa ne. "Pretender" niyya ce, "pretend" kuwa yin kamar ana abu. "Atualmente" na nufin a halin yanzu, ba "actually" ba. "Livraria" shagon littattafai ne ba "library" ba, "parentes" dangi ne ba "parents" ba, "pasta" jakar takardu ce ba taliya ba. Kati mai kalma ɗaya a gaba da fassara a baya ba ya magance wannan, don ido zai ci gaba da yaudarar mai shi. Abin da ke aiki shi ne katin cike gurbi, wanda manhajar ke kira Cloze: a rubuta cikakkiyar jimla, a ɓoye kalmar, a sa ta harshen Fotugal a matsayin haske. Haka ma "fazer", wadda Turanci ya raba ta gida biyu, "make" da "do". Ba ƙa'idar da za ta wadatar a nan, sai jimla bayan jimla. Kuskuren "I have 30 years", wanda ya taso daga "tenho 30 anos", kati biyu ko uku sun ishe shi.

Salon magana ya fi sauƙi idan yana da ɗan'uwa a harshen ɗalibi. Bature na kashe tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ɗan Burazil na kashe zomo biyu da sanda ɗaya. Abu mai tsada a Turanci yana cin hannu da ƙafa, a harshen Fotugal idanun fuska yake ci. A haɗa su a kati guda, ɗaya zai riƙe ɗayan.

Tarin katunan da wasu suka haɗa suka ajiye kyauta a AnkiWeb, shafin manhajar na intanet, mafi yawansu ɓata lokaci ne ga mazaunin Abuja. Ba za a sami "go-slow" a ciki ba, balle "drop" da "along" na masu tasi, ko "I'm coming" da ɗan Najeriya ke faɗa yana fita, ko "well done" da ake gaida mai aiki da ita. Waɗannan sai malam ya rubuta, ya naɗi muryarsa a kai.

Saitin da ta zo da shi ma yana kayar da mutane. Sababbin katuna 20 take bayarwa kullum, kuma a wannan gudun bita takan kai wajen kati 200 a rana. Ma'aikacin da ya yi tafiyar mako guda zai dawo ya tarar da tsibi, daga nan sai ya watsar. A mayar da sababbin katunan 8 zuwa 10 a rana. A kunna FSRS, tsarin lissafin tazara da aka shigar tun 2023, a bar ma'aunin yawan abin da ake son tunawa a kashi 90 cikin 100. Sannan a ja wa ɗalibi kunne kan Hard, ɗaya daga cikin maɓallan da ake dannawa bayan an ga amsa: manhajar na ɗaukarsa a matsayin an tuna da ƙyar. Wanda ya manta ya danna shi don jin kunya, tazarar za ta yi tsawo, kalmar ta gudu. Idan an manta, Again ake dannawa. Katin da aka manta sau 8 manhajar kan sa masa alama da kanta, kuma galibi laifin rubutun katin ne, sai a sake masa jimla.

Furuci kam ba aikinta ba ne. Ɗan Burazil da ke ƙara wasalin "i" a ƙarshen kalma, ko wanda bai bambance "ship" da "sheep", Anki ba ta jin sa balle ta gyara masa. Minti 15 na kati da safe, sauran lokacin darasi a bar shi ga baki da kunne a gaban malam.