Columbo da Jessica Fletcher: wa ya fi iya kama mai kisa?

A fina-finan Amurka an saba ganin mai binciken kisa ƙato ne, ga bindiga, ga zafin kai. Waɗannan biyun kuwa sam.

Columbo, wanda Peter Falk ya fito a matsayinsa tun 1968, laftanar ne na 'yan sandan Los Angeles, amma ka gan shi sai ka ce ɗan aike. Rigar ruwansa duk ta yamutse, guntun sigari a hannu, motarsa tsohuwar Fijo 403, wato yayar 504 ɗin da muka sani. Ba ya son ɗaukar bindiga. Tun farkon shirin ake nuna mana wanda ya yi kisan, yawanci attajiri mai ji da kansa, sai mu zauna muna kallon yadda raini zai kai shi ya baro. Columbo zai yi sallama har ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo yana sosa ƙeya, wai ya tuna da wata 'yar tambaya. Nan ne ake kwance wa mutum zani a kasuwa.

Jessica Fletcher, wadda Angela Lansbury ta fito a matsayinta a shirin talabijin na Murder, She Wrote (1984 zuwa 1996), ba ma 'yar sanda ba ce. Tsohuwar malamar makaranta ce da mijinta ya rasu, tana rubuta littattafai, ko mota ba ta tuƙawa, sai keke. Ita sai ƙarshe take bayyana mai laifin, kuma ba ta ɓoye basirarta.

Ni dai Columbo na fi so. Garin Jessica, Cabot Cove, ɗan mitsitsi ne, amma gawarwakin da ake tsinta a cikinsa sun yi yawa, har na fara zargin baiwar Allahn.